Wasiƙa Daga Ostiraliya: A Bar Wa Mai Jar Hula Yashinsa



Yau ba zancen karatu zan yi ba. Akwai wani ɗan tsuntsu a bakin tekun ƙasar nan da Turawa ke kira red-capped plover, ni kuwa na raɗa masa Mai Jar Hula, saboda jan gashin da ke kan namijin. Tsawonsa bai wuce santimita 16 ba, nauyinsa kamar giram 40.

Ba ya sheƙa a bishiya. Yashi yake ɗan tonawa, macen ta saka ƙwai biyu masu launin yashin, a yi kwancin kusan kwana 30. Macen, da launinta bai cika haske ba, ita ke kwanci da rana, namijin ya karɓa da dare. In maƙiyi ya matso, sai iyayen su riƙa jan fiffike kamar ya karye, don ya biyo su ya bar ƙwan.

Wannan dabara tana iya ruɗin dila, amma ba ta ruɗin tayar mota ko ƙafar mutum. Gashi kuma lokacin kwancin yana haɗuwa da hutun Disamba, lokacin zafi a nan, sa'ad da kowa ke bakin teku da karensa.

Wasu na ƙorafi in an killace wurin ƙwai da igiya, wai ai tsuntsun bai kusa ƙarewa ba. Haka ne. To amma sai ya kusa ƙarewa za a kula? Ni a ganina, ɗaure kare da kauce wa 'yan mitoci na wata guda ba takura ba ce. Rigakafi ya fi magani.

Sai mun sake saduwa.