Sabuwar Jif Mai Fetur Da Lantarki Ta Ƙalubalanci Land Cruiser, Amma Ina Za Ta Sha Wuta A Kankiya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar Kano zuwa Katsina, ko a Gidan Mutum Ɗaya cikin ƙasar Kusada ko a tsakiyar garin Kankiya, ranar da wani babba zai wuce, ya san irin motar da masu mulki ke shiga a ƙasar nan. Toyota ce, ko Land Cruiser ko Prado ko kuwa 'yar'uwarsu Lexus, baƙa wuluk da gilashi mai duhu. Shekaru da dama ke nan waɗannan motoci na Japan suna cin karensu babu babbaka a gidajen gwamnati, da majalisu, da fadojin sarakuna. To, yanzu dai an sami wadda ta fito ta ja daga da su, kuma daga ƙasar Sin ta fito.

A cikin watan Nuwamba na 2024 ne kamfanin BYD ya fitar da wata ƙatuwar jif da ya raɗa wa suna Bao 8, wadda ake sayarwa a ƙasashen waje da sunan Denza B8. An fara sayar da ita a can gida a kan kuɗin Sin yuwan 379,800, watau dalar Amurka dubu 50 da 'yan kai. Kamfanin bai ɓoye nufinsa ba: masu sayen Land Cruiser da Range Rover da Marsandi yake zawarci. Motar tana da injin fetur mai lita 2, tana kuma da injunan lantarki guda biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, da batir mai ɗaukar wuta yunit 36.8, irin yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa. Idan an cika batirin ta hanyar jona shi da wuta, kamfanin ya ce za ta yi tafiyar kimanin kilomita 100 ba tare da ta taɓa fetur ba. Idan wutar ta yi ƙasa sai injin fetur ya kama aiki. Ƙarfinta ya haura doki 700, alhali kuwa Land Cruiser 300 mai shan fetur ba ta wuce doki 400 da kaɗan ba.

Ba ita kaɗai ba ce. Tun 2023 BYD ɗin ya fitar da wata da ta fi ta tsada, Yangwang U8, a kan yuwan miliyan ɗaya da ɗoriya, kamfanin Great Wall kuma ya biyo da Tank 700 a 2024. Tsofaffin kamfanonin Turai sun riga sun ji a jikinsu a kasuwar ƙasar Sin, inda a shekarar 2024 cinikin Porsche ya ragu da kashi 28 cikin ɗari, na BMW da kashi 13, na Marsandi kuma da kashi 7. Ita ma Toyota ba ta zauna ba, don ta ƙara wa Lexus LX da Land Cruiser 300 injin lantarki na taimako, sai dai nata ba a jona shi da wuta, motar ce ke caja kanta tana cikin tafiya. A nan gida kuwa, BYD ya shigo Nijeriya a hukumance a 2025 ta hannun kamfanin CFAO, Jetour kuma ya riga ya kafa dillalai yana sayar da jif ɗinsa T2, har da samfurin da ake cajawa. Saboda haka zuwan manyan irinsu garejin gwamnatoci lokaci kawai yake jira.

Dalilin da ya sa zancen ya shafi ma'aikaci da ɗalibi, waɗanda galibinsu ba za su taɓa mallakar irin wannan mota ba, shi ne cewa babban mai sayen manyan jif a Nijeriya ita ce gwamnati, da kuɗin baitulmali. A watan Oktoba na 2023, wata biyar kacal bayan janye tallafin mai, jaridu suka ruwaito cewa Majalisar Tarayya za ta saya wa 'ya'yanta su 469 jif-jif na Toyota, kowace a kan abin da ya kai Naira miliyan 160. Da surutu ya yi yawa, Sanata Sunday Karimi, shugaban kwamitin kula da hidimomin Majalisar Dattawa, ya kare sayen da hujjar lalacewar hanyoyi da kuma ƙarkon motocin. Mazaɓar Kankiya da Kusada da Ingawa tana da kujera ɗaya cikin kujeru 360 na Majalisar Wakilai, watau ita ma tana cikin lissafin. Manya daga cikin ma'aikata za su tuna lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo, bayan rasuwar Janar Murtala a 1976, ta tsayar da Peugeot 504 ta Kaduna a matsayin motar babban ma'aikaci komai girmansa. Wannan zamani ya wuce tuntuni, ko da yake a watan Mayu na 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta sake amincewa da manufar fifita kayan gida wajen sayayyar gwamnati.

To, mene ne dillalin sabuwar mota zai faɗa wa kwamitin ba da kwangila? Zai ce ta fi araha wajen saye, ta fi ƙarfi, ta kuma fi sauƙin ciyarwa. Maganar ciyarwar tana da ƙamshin gaskiya idan an yi lissafi a takarda. Daga Kankiya zuwa birnin Katsina kimanin kilomita 60 ne, watau cajin dare ɗaya zai kai mutum sakatariya har ya kusa dawo da shi gida. A bisa farashin da aka tsayar wa masu wuta na rukunin farko a watan Yuli na 2024, Naira 209.5 kowane yunit, cika batirin zai ci kimanin Naira 7,700. Land Cruiser mai fetur kuwa tana shan lita 12 ko fiye a tafiyar kilomita 100, wanda idan aka ƙaddara lita a kan Naira 1,000 ya kama Naira 12,000. Tun ran 29 ga watan Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024, don haka babu akawun da zai raina wannan rata.

Amma duk lissafin nan ya rataya ne a kan abu guda, wato a sami wutar da za a jona. Rukunin farko da aka ambata shi ne na waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a rana, kuma hukumar kula da lantarki ta ƙasa da kanta ta ce ba su wuce kashi 15 cikin ɗari na masu hulɗa da kamfanonin wuta ba. Sauran jama'a sai yadda hali ya yi. Kankiya tana da tashar rage ƙarfin wuta a kan babban layin da ya taso daga Kumbotso ta Kano ya nufi Katsina, amma tasha ba ta haifar da wuta, abin da aka turo mata shi take rabawa. A watan Oktoba na 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ke biyowa ta Makurɗi ya faɗi, yawancin jihohin Arewa sun kwana cikin duhu fiye da mako guda, har da Katsina. Motar da ta dogara da soket, a irin wannan mako, ta koma motar fetur zalla, kuma mai ɗauke da kayan da ba ya amfanar ta, don nauyin Bao 8 ya haura tan 3, ya ɗara na Land Cruiser da fiye da rabin tan.

Wani zai ce ai akwai janareta. A nan ne lissafin ke juyewa. Ƙaramin janareta na fetur yana ƙona kusan rabin lita kafin ya ba da yunit ɗaya, ke nan cika batirin zai lashe lita 18 ko sama da haka, don a yi tafiyar da Land Cruiser za ta yi da lita 12. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Hasken rana ya fi dacewa, kuma ƙasar Katsina ba ta da talaucinsa. Manyan faifan sola kimanin 15 za su iya tara wannan wuta a wuni ɗaya mai kyau. Sai dai rana da rana take fitowa, lokacin da motar take ofis ko take kan hanya, don haka ko dai a kafa faifan a inda take wuni, ko kuma a sayi wani batirin na gida da zai adana wutar zuwa dare, wanda shi ma kuɗi ne masu kauri da dillali ba zai sa a cikin takardarsa ba.

Abin takaicin shi ne, da an cika alkawari, da Kankiya ce za ta fi kowane gari a jihar bakin magana a kan wannan batu. A watan Yuli na 2016 kamfanin Gwamnatin Tarayya mai sayen wuta a sari, NBET, ya sa hannu a kan yarjejeniya da kamfanoni 14 don gina tashoshin wutar hasken rana masu jimlar megawat 1,125, yawancinsu a Arewa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Pan Africa Solar, wanda zai gina tasha mai megawat 75 a Kankiya. An amince da farashin santi 11.5 na dalar Amurka a kan kowane yunit. Daga baya gwamnati ta ce farashin ya yi tsada, ta nemi a sauko zuwa santi 7.5, aka kuma yi ta jan ƙafa a kan takardun lamunin da masu ba da bashi suka nema. Haka aka yi ta yi har aka shiga 2025 babu ko ɗaya daga cikin 14 ɗin da ta ba da wuta. A lissafi na kusa, tasha mai megawat 75 za ta iya samar da wutar da za ta cika batir irin na Bao 8 guda dubu tara a kowace rana, ko kuma, abin da ya fi wannan muhimmanci nesa ba kusa ba, ta riƙe asibitoci da makarantu da injunan niƙa da na walda na yankin gaba ɗaya. Can gaba kaɗan a Lambar Rimi ma akwai fankoki 37 na tashar iska mai megawat 10, wadda aka fara maganarta tun Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, ta kuma shafe shekaru fiye da goma ana ɗaga ranar gama ta.

Ko a ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa, an gano cewa irin waɗannan motoci ba sa cika alkawarin da ke cikin takardunsu. Wani rahoto da Hukumar Tarayyar Turai ta fitar a watan Maris na 2024, bisa alƙaluman da aka ɗauko daga cikin motocin kansu, ya nuna cewa hayaƙin da masu fetur da caji ke fitarwa a kan hanya ya ninka na ɗakin gwaji sau uku da rabi. Dalili kuwa shi ne masu su ba sa jona su yadda aka zata. Binciken cibiyar ICCT na 2022 ya ƙara fito da abin fili: motocin da mutane suka saya da kuɗinsu suna yin kusan rabin tafiyarsu da lantarki, amma motocin kamfani, waɗanda ake ba direbobinsu katin shan mai kyauta, ba su wuce kashi 11 zuwa 15 cikin ɗari ba. Duk wanda ya san yadda ake ba da takardar shan mai a ma'aikatunmu ba ya bukatar a yi masa fassara. Direban da ake ba mai, ba shi da dalilin neman soket, balle idan rarar man tana da wata hanyar da take bi.

Sai kuma maganar gyara, wadda ita ce ainihin garkuwar Toyota. Prado idan ta lalace a Kusada da safe, kafin la'asar an kawo kayanta daga Kofar Ruwa a Kano, sabo ko na Kwatano, kuma akwai bakaniken da ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Idan aka gama da ita aka yi gwanjonta, akwai mai saye a tsaye. Sabuwar motar kuwa tana ɗauke da wutar da ta kai ɗaruruwan bolt, wadda ke iya hallaka wanda ya sa hannu bai sani ba, kuma yawancin cututtukanta sai an jona kwamfutar kamfani ake gane su. Ga zafin bazara da kan wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu. Daɗin daɗawa, manyan jami'ai da yawa a jihar da ke fama da 'yan bindiga motoci masu sulke suke nema, kuma masu yin sulken sun fi sabawa da ƙirar Land Cruiser.

Duk da haka, kuskure ne a raina kayan Sin. Mutanen Kankiya sun ga yadda baburan Jincheng suka ture Honda da Suzuki da Yamaha daga hannun 'yan acaɓa a farkon shekarun 2000, kafin Bajaj ta Indiya ta zo ta karɓe kasuwar. Abin da ya ba su nasara shi ne araha, sannan kayan gyara suka cika kasuwa, yara kuma suka koyi kwance su da ɗaurawa a gindin bishiya. Motar ma tana da wata fa'ida da watakila ta fi burge mai saye a nan fiye da can inda aka ƙera ta: tana iya mayar da wutar batirinta waje, ta kunna fitilu da fanka da firji. Ba abin mamaki ba ne a wayi gari jif ɗin da aka ƙera don ta sha wutar gida, ita ce ke ba gidan wuta da man gwamnati.

Saboda haka idan takardar sayen irin waɗannan motoci ta iso gaban kwamitin ba da kwangila na jiha ko na ƙaramar hukuma, akwai tambayoyin da ya kamata su riga farashi. A ina za a riƙa caja su, kuma kuɗin kafa wurin yana cikin kwangilar? Da nawa za a rage kason man da ake ba ofishin da aka ba motar? Shekara nawa ne garantin batir, kuma a Katsina za a gyara ta, ko Kano, ko sai an ɗora ta a kan tirela zuwa Ikko? Makanikai nawa na ma'aikatar ayyuka kamfanin zai horar kafin ya miƙa makullai? Motocin suna rubuta kilomitar da suka yi da wuta da wadda suka yi da fetur a cikin na'urarsu, kuma mai binciken kuɗi na jiha yana iya neman a buɗe masa wannan lissafi a ƙarshen kowace shekara.