RUBUTUN MAKO: Mai Burin Rubuta Fim, Kada Ka Binne Baiwarka



A Gozaki da ƙauyukan Ƙafur, har zuwa Malumfashi da Funtuwa, ba a rasa matashin da duk Kirsimeti da Ista shi ke tsara wasan kwaikwayon da ake yi a majami'a. Muna tafa masa, mu yi dariya, wasu har da hawaye. Amma ranar da ya ce yana son rubutun fim ya zama sana'arsa, sai fuskoki su canza. Baba ya ce gona na jira, dattawa su ce harkar fim ta 'yan duniya ce. A ganinmu, wannan yaro ya cancanci goyon baya, shi kuma akwai gaskiyar da ya kamata mu faɗa masa.

Me ya sa abin ya dame mu? Domin har yau akwai masu mamaki idan suka ji an ce Bahaushe kuma Kirista. Mu da aka haifa a nan, muke sujada da Hausa, muke noman masara da auduga kafaɗa da kafaɗa da 'yan'uwanmu Musulmi, da wuya mu ga rayuwarmu a allo. Masana'antar Kannywood ta faro da Turmin Danya a 1990, kuma yawancin masu rubuta mata labari rayuwar da suka sani suke rubutawa. Ba laifinsu ba ne. Wanda bai taɓa zama a taron Zumuntar Mata ba, ko bikin godiyar kaka, yaya zai rubuta su? In ba mu ba da labarinmu ba, ko dai wani ya ba da shi a karkace, ko ya ɓace.

Masu cewa fim da bangaskiya ba sa haɗuwa, su dubi ƙasar Yarbawa. Mike Bamiloye ya kafa ƙungiyar Mount Zion a 1985, da wasan dandamali a majami'u suka fara, kafin fim ɗin Agbara Nla ya shiga gidaje a faɗin Najeriya. Ubangiji Yesu ma da labarai ya yi koyarwa: mai shuka, ɓataccen ɗa, Basamariye mai tausayi. Kayan aikin ba shi da aibu, abin da aka zuba a ciki shi ne magana.

To, sai kai, ɗan'uwa, da ke, 'yar'uwa. Addu'a ba ta cika takarda. Da yawa suna cewa Allah ya ba su wahayi, amma shekara uku ba su kammala shafi goma ba. A misalin talanti, bawan da aka hukunta shi ne wanda ya binne abin da aka ba shi. Jimiri na gaskiya shi ne ka zauna ka rubuta, a karanta a ce bai yi ba, ka sake. Ka koyi yadda ake gina fitowa, yadda kowane ɗan wasa zai yi magana da bakinsa, ba da bakin fasto ba. Labarin da kowa ya tuba a minti biyar na ƙarshe, ko mu ba ma yarda da shi. Ka rubuta manomin da ya ci bashin taki damina ta ƙi, da gwauruwar da dangin miji suka ƙwace wa gona, da iyalin da tsoron 'yan bindiga ya raba da gidansu. A nan ne ake gane bangaskiya.

Hanyar koyo kuwa tana nan. Akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos, akwai sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Wanda bai da hali, ya kalli shiri irin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 da biro a hannu, yana lura da inda kowace fitowa ta fara da inda ta tsaya. Wayar hannu ta isa a ɗauki gajeren fim a sa a YouTube.

Damuwar iyaye ba ta banza ba ce. Kuɗin rubutu kaɗan ne, kuma ba ya zuwa da wuri. Saboda haka ba mu ce ka jefar da fartanya ba. Manzo Bulus yana ɗinkin tanti yana wa'azi. Ka yi noma da damina, in an kai amfanin gona gida, rani naka ne. Yusufu yana da shekara 17 lokacin da 'yan'uwansa suka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna, kuma ko a kurkuku aiki yake yi da aminci. Littafi Mai Tsarki da muke riƙewa da Hausa ma sai a 1932 ya fito cikakke, bayan Dakta Walter Miller da abokan aikinsa sun shafe shekaru a kansa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga roƙonmu ga ikilisiyoyi: a ba matasa ɗaki da lokacin gwaji, a sa sunan marubuci duk ranar da aka yi wasa, a tallafa wa ko da mutum ɗaya ya je ya koyo. Kai kuma marubuci, kafin Lahadi mai zuwa ka kammala fitowa ɗaya, ka karanta wa mutum uku da ba za su ji kunyar gyara maka ba.

Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanmu. Amin.