Batirin da Ruwa Ke Yi wa Yawa, Ke Kuma Yi wa Kaɗan

Duk wanda ya ratsa kasuwar Mubi da rana ya san ƙarar janareto, ya kuma san yadda kuɗin mai ya ke cinye ribar masu walda da masu ƙanƙara tun da aka janye tallafi a 2023. Saboda haka ya kamata jama'a su ji labarin wani irin batiri da masana ke ta fama da shi a ƙasashen waje, wanda ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Iskar haidurojin a ke ba shi, ya haɗa ta da oksijin ya ba da lantarki, abin da ya ke zubarwa kuwa ruwa ne zalla.

Ba baƙon abu ba ne. Wani Bature ɗan Ingila, Francis Bacon, ya gwada irinsa a 1959, kuma da shi kumbon Apollo ya sami wuta a tafiyarsa zuwa wata a 1969, har matafiyan suka sha ruwan da ya fitar. Na wancan zamani ruwa mai kaifi irin na kanwa a ke zuba masa. Na yanzu an maye gurbin ruwan da wani siririn tantani, kuma a kan iya amfani da azurfa ko nikel a cikinsa maimakon filatinam mai ɗan karen tsada.

To, a nan gizo ke saƙar. Tantanin fuska biyu gare shi. A fuskar haidurojin ruwa samuwa ya ke yi, kashi huɗu. A fuskar oksijin kuwa cinye shi a ke yi, kashi biyu. Wato gefe guda na nutsewa, ɗayan na fama da ƙishirwa. In ruwa ya taru sai ya toshe wa iska hanya, wuta ta ragu. In ɗaya gefen ya bushe, tantanin ya lalace tun bai tsufa ba. Dabarar da masana suka ga ta fi ci ita ce rage kaurin tantanin domin rarar ruwan ta tsallaka da kanta zuwa gefen da ke bukata, a kuma auna laimar iskar da a ke hura masa.

Wannan laima ita ce abin dubawa a Mubi. Iskar Agusta jiƙe ta ke sharkaf, ta Janairu kuwa busasshiya ce mai ƙura, kuma batirin da aka daidaita a Turai bai san hunturu ba. Ga Jami'ar Jihar Adamawa, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, duk a garin. Lalle nasu ne aikin gwada shi a wannan yanayi, tun kafin 'yan kasuwa su fara shigo da shi.