Kafin Mu Sayi Feda, Mu Gyara Kunne

A ikilisiyoyinmu da yawa, idan lokacin tsara kasafin kuɗi ya zo, akan sami takarda daga matasa masu kiɗa. A dā abin da suke roƙo bai wuce sababbin tsirkiyoyi ko fatar ganga ba. Yanzu kuwa sunayen wasu ƙananan akwatuna ne da ake takawa da ƙafa, waɗanda makaɗa ke kira feda, da kuma amfilifaya mai tsada. Dalilinsu ɗaya ne: suna so jitarsu ta yi irin sautin da suke ji a waƙoƙin ƙasashen waje. Dattawa sukan rasa ta cewa. Wasu su ƙi don ba su gane ba, wasu kuma su yarda don kada a ce sun hana aikin Ubangiji. To, tun da yake kuɗin baiko ne za a kashe, ya kamata kowa ya san abin da ake saye.

Ita jitar lantarki ba ta da wata murya ta kirki sai an haɗa ta da na'ura. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Idan tsirkiya ta girgiza, sai ta haifar da 'yar wuta kaɗan, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mai da ita sauti. Feda tana shiga tsakani ne ta sāke kamannin wannan 'yar wuta. Akwai mai sa sauti ya yi kaushi, akwai mai maimaita shi kamar amsa-kuwwa, akwai mai ba shi amon babban ɗaki. Akwai ma wadda ake kira wa-wa, ba don wauta ba, sai don haka kukanta yake fita.

Abin da yawancin matasanmu ba su sani ba shi ne, wannan kaushi da suke nema da kuɗi daga lalacewar kaya ya samo asali. A 1951, a birnin Memfis na Amurka, ƙungiyar Ike Turner ta je ɗaukar waƙa, amfilifayar makaɗin jitarsu Willie Kizart kuwa ta lalace a hanya. Suka cusa mata takarda suka yi aiki da ita haka nan, mutane kuma suka so abin da ya fito. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks a Ingila ya sa reza ya yayyanka lasifikarsa don ya sami irin wannan amo. Kamfanin Gibson ya fitar da fedar Maestro Fuzz-Tone tun 1962, amma ba ta sami kasuwa ba sai da Keith Richards ya kaɗa da ita a 1965. Mutanen nan sun yi amfani da abin da ke hannunsu, kunnensu ne ya gaya musu ya yi daɗi. Daga baya ne 'yan kasuwa suka zuba abin a akwati.

Sautin da ya fi jan hankalin makaɗan majami'u a yau shi ne mai ƙyalli, mai ta maimaita kansa. An fi danganta shi da The Edge, makaɗin ƙungiyar U2 ta ƙasar Ayalan, wanda ya shahara da shi a shekarun 1980 da amfilifayar Vox AC30 da na'urar amsa-kuwwa. Daga baya ƙungiyoyin waƙar sujada irin su Hillsong na Ostireliya suka ɗauki salon, ya bazu ko'ina. Amma asirinsa lissafi ne. Idan waƙa tana tafiya bugu 120 a minti, kowane bugu rabin daƙiƙa ne, sai a saita maimaicin ya dawo bayan kashi uku cikin huɗu na bugu, wato 0.375 na daƙiƙa. Makaɗi ya taɓa tsirkiya kaɗan, na'ura ta cike giɓin. In mai ganga ya yi sauri ko ya ja ƙafa, ko kuma mai jita ya cika yatsa, sai komai ya dagule. Wanda bai iya riƙe bugu ba, ko ya sayi feda goma, hayaniya zai ninka sau goma.

Sai kuma batun ɗaki. Waɗancan waƙoƙi an ɗauke su ne a ɗakunan da aka gina don sauti, ƙwararru kuma suka tace su kafin su iso wayoyinmu. Majami'unmu fa? Rufin kwano, bangon bulo, daɓen siminti. Ginin kansa yana amsa kuwwa tun ba a roƙe shi ba. Idan aka ƙara masa na feda, kuma aka buɗe amfilifaya har ƙarshe, abin da ke fara ɓacewa shi ne kalmomin waƙa, gama jita da muryar mutum kusan wuri ɗaya suke zama a kunne. Tsohuwar da ke zaune a bencin baya, wadda ba ta iya karatu ba, ta wurin waƙa take haddace koyarwa. In ba ta ji kalmomin ba, me ta zo ɗauka? Manzo Bulus ya taɓo wannan a 1 Korantiyawa sura 14, inda ya yi misali da kayan kiɗan da ba a rarrabe muryoyinsu.

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga cewa hannu ne gaba da kaya. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, da kansa ya harhaɗa jitarsa ta farko, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. Waƙoƙinsa sun fara yawo ne daga waya zuwa waya a garuruwan Sahara, kafin a gayyace shi Turai da Amurka. Ya yi amfani da feda daga baya, amma ya riga ya sami muryarsa kafin ya same su. Haka Victor Uwaifo da Prince Nico Mbarga a nan gida, da Franco na Kwango: da an ji yatsunsu an san su wane ne.

Kada dai a ɗauka muna cewa a kori feda daga majami'a. Dattijon da ya ce wa matashi kayan shaiɗan ne bai yi adalci ba, yana kuma iya korar yaron gaba ɗaya. Abin da muke roƙo shi ne a bi abu daki-daki. A fara da na'urar saita tsirkiya, da sababbin tsirkiyoyi, da wayoyi masu kyau, da sitabilaiza don kada janareta ya ƙona kaya. A ɗora amfilifaya bisa kujera ta fuskanci kunnen makaɗin, domin wanda ya ajiye ta tana hura masa ƙafa ba ya jin ta sosai, sai ya yi ta ƙara mata ƙarfi. A lokacin koyon waƙa wani ya tsaya can baya, in bai ji kalmomi ba a rage. In har da sauran bukata, tun 1998 da kamfanin Line 6 ya fitar da POD ake samun akwati guda mai kwaikwayon amfilifaya da feda iri-iri. Guda ɗaya ya ishi ikilisiya, a rubuta shi cikin kayanta. Ragowar kuɗin a biya wa matasan malamin kiɗa.

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Zumuntar mata da tulu da caki sun daɗe suna girgiza majami'a, kowa kuma yana jin abin da suke faɗa. Makaɗanmu na jita su koyi wannan, su zama masu ɗaga muryar jama'a. Ubangiji ya ba mu kunnen ji.