Tsohuwar Jita: A Taɓa Ta, Ko a Bar Ta Yadda Maƙera Suka Bar Ta?

Akwai wata gardama da ta daɗe tana raba kan masu kaɗa jitar lantarki a Amurka da Ingila, na kuwa ga ya kamata mu ma mu sa baki. Ga tambayar: mutum ne ya mallaki tsohuwar jita irin wadda ake kira mai rabin kogo, ƙirar shekarun 1950 ko 1960. Shin yana da ikon ya sāke mata kaya, ya huda nan ya toshe can, don ta yi masa irin muryar da yake so? Ko kuwa wajibi ne ya bar ta yadda ta fito daga hannun maƙera? Wani zai ce wannan zancen 'yan hutu ne. Ni kuwa na ce zance ne na iyakar da ke tsakanin mallaka da amana.

Sai mu fara sanin abin da ake gardama a kansa. Jitar lantarki da aka fi yayi da farko kogo ce gaba ɗaya, kamar ƙwaryar goge. Aibinta shi ne, in an ɗaga muryar amfilifaya, sautin da ke fita daga lasifika yakan koma ya girgiza ƙwaryar, ita kuma ta girgiza tsirkiya, sai ka ji wata irin kuwwa ta cika ɗaki, makaɗi ya rasa yadda zai yi da ita. Da aka ƙera jita da dunƙulallen katako sai kuwwa ta ragu ƙwarai, amma wasu suka ce muryar ta bushe. A shekarar 1958 kamfanin Gibson, wanda a lokacin yake garin Kalamazoo a jihar Mishigan, a zamanin shugabancin Ted McCarty, ya fito da ES-335. Dabarar da aka yi ita ce, aka shimfiɗa gungumen katakon mepul a tsakiyar ciki tun daga gindin wuya har ƙasa, aka bar kogo dama da hagu, kowanne da 'yar tagarsa mai siffar harafin f. A bisa gungumen nan aka kafa jaki da maɗaukan sauti guda biyu. Kuwwa ta yi sauƙi, iska kuwa ba ta bar muryar ba. Dala 267.50 ne kuɗinta a wancan lokaci, kuma 'yan ɗaruruwa kaɗai aka ƙera a shekarar farko.

Maɗaukan sautin nan su ne zuciyar magana. Wani injiniya mai suna Seth Lover ya ƙirƙiro su, ya naɗa waya a ƙulli biyu masu saɓa wa juna domin su kashe gurnanin da wutar lantarki ke jefawa cikin sauti. Na farkon suna ɗauke da wata 'yar takarda a ƙarƙashinsu mai nuna cewa an nemi rajistar ƙirƙira, shi ya sa har yau ake kiransu PAF. Wajen 1962 aka fara barin wannan takarda, a shekarar ne kuma aka musanya ɗige-ɗigen da ke kan wuya da 'yan murabba'ai. Wajen 1965 aka tsuke faɗin wuyan, aka kuma cire sandar ƙarfen da ke kafe a gungume mai riƙe tsirkiya, aka sa wani maratayi mai kama da lilo. Waɗannan ƙananan sauye-sauye su ne suke sa jitar 1959 ta ninka ta 1969 tsada sau da yawa, alhali mai kallo daga nesa ba zai raba su ba.

To, masu cewa kada a taɓa suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba. Sun ce abin da aka ƙera a 1959 ba za a sāke ƙera shi ba. Gibson ya rufe masana'antarsa ta Kalamazoo a 1984. Katakon rozwud na Barazil da aka shimfiɗa a kan wuyan, tun 1992 aka sa shi cikin itatuwan da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta hana cinikinsu sai da takardu masu tsanani. Ashe duk wanda ya sa huji a irin wannan jita ya rage adadin abin da ba ya ƙaruwa. Suna kuma nuna ɓarnar da aka yi a shekarun 1970, lokacin da waɗannan kaya ba su wuce tsofaffin kayan gwanjo ba. A 1972 Larry DiMarzio ya fara sayar da maɗaukin sauti mai ƙarfi wanda kowa zai iya saya ya ɗaura, Seymour Duncan kuma ya kafa nasa kamfani a 1976. Samari suka dinga ciro PAF suna jefawa a kwali, suka faɗaɗa ramukan kan jita don su sa maɗauran tsirkiya na Grover ko Schaller, wasu suka huda fuska suka jera ƙananan maɓallai, wasu ma suka kankare fenti. Abin da aka yi wa kallon tsohon yayi jiya, yau guda ɗaya tak ana sayar da shi dubban daloli.

Na yarda da wannan duka. Inda na rabu da su shi ne inda suka mai da jita gunki. Ku dubi mutanen da suka sa duniya ta san wannan ƙira, ku gaya mini wanene a cikinsu ya bar tasa yadda ya saye ta. B.B. King, wanda ya daɗe yana kaɗa ES-355, yakan cusa tsummoki a tagogin nan don ya kashe sauran kuwwa, har a 1980 Gibson ya ƙera masa Lucille wadda ba ta da taga ko ɗaya. Watau gyaran da makaɗi ya yi da tsumma shi ne ya koma ƙirar kamfani. Alvin Lee, wanda ya kaɗa jar ES-335 a taron Wudistok na 1969, ya cire murafan maɗaukan sautinsa, ya dasa na uku irin na Fender a tsakaninsu, ya kuma lulluɓe ta da takardun mannawa. Larry Carlton, wanda ake yi wa laƙabi da lambar jitar nan, ya cire maratayin lilo daga tasa ya mayar da sandar ƙarfe. John Lennon ya kankare fentin Epiphone Casino ɗinsa a 1968, ko da yake ita Casino kogo ce gaba ɗaya, 'yar ɗaki ce dai ga wadda muke magana a kanta. Kai, jar ES-335 ta 1964 da Eric Clapton ya sayar a gidan gwanjon Christie's a 2004 kan dala 847,500, ba da maɗauran tsirkiyarta na asali ta tafi ba, na Grover ne a kanta. Abin dariya a nan shi ne, hujin da zai karya darajar jitar ɗalibi, in shahararre ne ya yi shi sai ya zama tarihi, har kamfani ya kwaikwaye shi a sababbi ya sayar da tsada.

Akwai misalin da ya girmi wannan. Gogen Turawa da Antonio Stradivari ya ƙera a garin Kiremona na Italiya, kafin rasuwarsa a 1737, kusan dukkan waɗanda ake kaɗawa yau an sāke musu wuya a ƙarni na 19, an tsawaita shi an kuma karkata shi, an canza sandar da ke tallafe da fuska daga ciki, domin su jure wa tsirkiya mai tsauri, muryarsu ta kai ƙarshen manyan zaurukan kiɗa. Ba wanda ya ce sun daina zama na Stradivari. Da an hana taɓa su, da yanzu yawancinsu suna kwance a akwatin gilashi, kamar wanda ke gidan tarihi na Ashmolean a Okisfod, wanda ake zuwa kallo amma ba a jin muryarsa.

Saboda haka ni a ganina tambayar da ya kamata mai jita ya yi wa kansa ita ce: abin da zan yi ɗin nan, in na bayana bai so shi ba, zai iya warware shi? Gyara iri-iri ne. Akwai wanda rashin yinsa ma zalunci ne ga jitar. Ƙarafan da ke jere a wuya suna cinyewa da gogar tsirkiya kamar yadda tayar mota ke suɗewa, in kuwa sun cinye sauti ba ya tsayawa daidai. Wanda ya ƙi sāke su don kada a ce ba na asali ba ne, ya zama kamar mai doki da ya ƙi yanke masa kofato. Haka in kan jitar ya karye, abin da ya zama ruwan dare ga ƙirar Gibson, domin kan ya karkata baya kuma katakon mahogani ya yi siriri daidai inda aka fafe don sandar miƙe wuya. Sai a kai wa gwani ya haɗa, a ci gaba da kiɗa.

Akwai kuma gyaran da ke tsayawa ga sukuru da darma: canza maɗaukin sauti da wani mai girmansa, ko jaki, ko maɓallin murya da ya fara ƙarƙara. Ban ga laifin wannan ba, da sharaɗi guda, a adana tsohon kayan a cikin akwatin jitar, a rubuta ranar da aka cire shi. Amma fa a sani, aikin waya a jita mai rabin kogo ba wasa ba ne. Ba ta da ƙofa a baya kamar Les Paul, sai dai a zaro wayoyi da maɓallai duka ta 'yar tagar nan ko ta ramin maɗaukin sauti, a kuma mayar da su da zare ko siririn tiyo, ana ja a hankali kamar mai zare ƙaya. A nan ne marasa haƙuri suke yanke shawarar fafe ƙofa a bayan jita. Wanda ya san ba shi da haƙurin nan, to ya bar wa mai shi.

Gyaran da nake ƙi shi ne wanda ke cin katako ko fenti. Fafe gungumen tsakiya don a dasa maɗauki na uku, huda fuska don ƙarin maɓalli, kankare tsohon fentin da ya tsattsage a fesa sabo mai walƙiya, waɗannan in an yi an yi ke nan. Dillalai kan ce sabon fenti kaɗai yakan zubar da kusan rabin kuɗin tsohuwar jita, amma ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Jitar 1960 ta riga mai ita zuwa duniya, in an kula da ita kuma za ta wuce shi. Shekara goma ko ashirin da za ta yi a hannunsa aro ne mai tsawo. Wani zai ce ai Alvin Lee ya fafe tasa, kai ma yanzu ka yabe shi. Haka ne, amma shi ya yi nasa lokacin da jitar kayan aiki ce da ake samu a kowane kanti, ba kuma wata hanya da zai sami muryar da yake nema. Yau hanyoyin sun yi yawa. Shi kansa daga baya sai da ya daina yawo da ita saboda tsadar da ta yi.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi kusa da aljihunmu. Da wuya a sami ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci da zai taɓa riƙe ES-335 ta 1959, kuma ba abin kunya ba ne. Tun 1970 aka mai da ƙirar Epiphone ƙasar Japan, daga baya Koriya, daga baya Sin. Yamaha da Ibanez ma sun ƙera nasu masu rabin kogo, kuma ba na yarwa ba ne: John Scofield, babban makaɗin jaz, ya shafe shekaru masu yawa da Ibanez AS200 ta farkon shekarun 1980. Mai ƙaiƙayin hannu ya nemi Epiphone ta kwanan nan, wadda ake ƙerawa dubbai, ya huda, ya fafe, ya koyi darma a kanta har ya gaji. Sai dai a lura, na Japan ɗin nan na shekarun 1970 da 1980 su ma sun fara shiga sahun tsofaffin da ake nema. Kuskuren da samarin Amurka suka yi wa PAF yana iya maimaituwa a kansu, a hannun mutanen da ke ganin ai kwaikwayo ne kawai.

Masu adanawa ma ina da magana da su. Attajirin da ya sayi jita goma ya kulle a ɗaki mai sanyi yana jiran kuɗinsu ya hau, bai huda ko ɗaya ba, gaskiya ne, amma ya ɗauke su daga hannun masu kaɗawa, ya kuma taimaka wajen hauhawar farashin da ke haifar da wata ɓarnar. Da maɗaukin sauti ya kai dubban daloli sai aka sami masu sayen jita lafiyayya su wargaza ta, su sayar da kayan ɗai-ɗai, su cika gangar da na jabu. Har takardar PAF ɗin ma ana buga ta ta ƙarya. Don haka wanda ya gyara jita ya kaɗa ta, ranar sayarwa kuma ya faɗa wa mai saye duk abin da ya canza ba tare da ɓoye ko sukuru ɗaya ba, ya fi mini wanda bai taɓa ba amma bai kaɗa ba.

Ga wanda Allah ya sa irin wannan jita ta faɗo hannunsa a ƙasarmu, akwai abokin gaba da ya fi huji saurin ɓarna, watau hunturu. Gangar jikin falle-fallen katako ne da aka manne, ba ta cika tsagewa ba, amma allon wuya yakan tsuke in iska ta bushe, sai bakin ƙarafan ya leƙo yana yankar yatsu, fenti kuma ya ƙara tsattsagewa. Masu ƙira suna son laimar iska ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, abin da Kano ko Zariya ba sa gani a watan Janairu. A bar ta cikin akwatinta in ba a kaɗawa, a sa jiƙaƙƙen soso cikin 'yar roba mai huji a ajiye a gefe yadda ruwa ba zai taɓa katako ba, a riƙa duba shi kowane 'yan kwanaki, kada kuma a bar ta a bayan mota da rana.