Tashar tsandauri ta Funtua: An yanka kintinkiri, saura jirgi da wuta da jari

Tun a 2006 gwamnatin Obasanjo ta amince da kafa tashoshin tsandauri shida, ciki har da ta Funtua. Sai a watan Mayun 2024 aka buɗe ta, bayan ta Kaduna a 2018 da ta Dala a Kano a 2023.

Manufar ita ce ɗan kasuwa ya kammala takardun kwastam a Funtua, a rufe kwantenarsa ta waken suya ko auduga, ta wuce kai tsaye zuwa jirgin ruwa ba tare da ya kwana a cunkoson Apapa ba. Ga yankin da ke cika kasuwannin Dandume da Bakori da hatsi, wannan ba ƙaramar dama ba ce. Sai dai abubuwa uku sun tsaya mata a gaba.

Na farko, jirgin ƙasa. Tsohon layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua zuwa Ƙaura Namoda ya daɗe ba ya jigilar kaya a kai a kai, sabon layin Kano zuwa Maraɗi kuma ta Katsina ya bi. Ke nan tirela ce za ta ja kwantena kusan kilomita 1,000 zuwa Legas, da tsadar dizal da shingayen hanya. A nan ribar take narkewa.

Na biyu, wuta. Riba tana cikin sarrafawa: gurzar auduga, tatsar mai, busar da masara. Masu injinan gurza a Funtua da Malumfashi kuwa suna tsakanin ɗaukewar wuta da kuɗin janareta. Tun Afrilun 2024 kuma wutar rukunin A ta ninka fiye da sau uku.

Na uku, jari. A ƙarshen 2024 kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, na bankunan kasuwanci ya fi haka. Wane dillalin hatsi ne zai ci irin wannan bashi ya cika kwantena, ya jira watanni kafin a biya shi?

Gwamnatin Katsina da Majalisar Masu Safarar Kaya ta Ruwa su matsa a gyara layin Zariya zuwa Funtua, a ware wa masana'antun sarrafa amfanin gona layin wuta na musamman, Bankin NEXIM kuma ya kawo rance mai sauƙi ga ƙungiyoyin manoma. Idan ba haka ba, manomin Malumfashi zai ci gaba da sayar da buhunsa da arha a kaka, tashar tana kallonsa daga bakin titi.