Daga Madafin Hawa na Biyar: Injin Kwaɓa Fulawa, a Saya Ko a Haƙura?

Yau madafi za mu shiga. Samari kar ku gudu fa, ai ku ne kuke fara miƙa hannu in an sauke cincin, kuma maganar ta shafi aljihu.

Duk wanda ya tashi a Goutte d'Or ya san yadda satin ƙarshe na azumi yake. Ka fito daga metiro a Château Rouge, Rue Dejean ba masaka tsinke, kowace uwa da kekenta na cefane. A gidanmu lissafin bai taɓa canzawa ba: fulawa kilo 10, sukari, bota, ƙwai, man suya. Ni ce mai hawa da su hawa na biyar, babu asansar, matakala ce kawai da addu'a. Daga nan Mama ta baje babbar roba a ƙasa, ta zauna a 'yar kujera, ta kama kwaɓin cincin da dubulan har tsakar dare. Ranar Sallah a ƙulla a leda a raba wa maƙwabta, na Mali da na Aljeriya da na Senegal, har da tsohuwar Bafaranshiyar hawa na biyu wadda ke jiran nata kamar albashi.

To a Sallar da ta wuce na fito shan ruwa da dare, na tarar da Mama tana shafa wa wuyan hannunta man zafi a ɓoye. Ashe likita ya daɗe da ce mata ta rage aikin ƙarfi da hannun. Na ce, "Mama, zan saya miki injin kwaɓa fulawa, irin wanda Faransawa ke ce wa robot pâtissier." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke dai kina son ɓarnar kuɗi. Kakarki a Maraɗi da wane inji ta aurar da 'ya'ya bakwai? Daɗin abu a hannu yake." Na yi shiru, amma raina bai kwanta ba. Wata biyu na yi ina bincike da tambaye-tambaye, ga kuma abin da na samo, ko zai yi wa wata amfani.

Da farko mu san me injin yake yi. Kwano ne na ƙarfe da kai mai juyawa, kan yana juya kansa yana kuma zagaya kwanon, don kar a bar gefe ba a taɓa ba. Yawanci da baki uku yake zuwa: ƙugiya ta kwaɓi mai tauri, faffaɗan baki na haɗa bota da sukari, sai maburgin waya na buga ƙwai. Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Hobart na Amurka ya fitar da KitchenAid tun 1919, kuma wannan siffa tasa mai sheƙi da muke gani a hotuna ta samo asali ne daga zanen Egmont Arens na 1937. A Ingila Ken Wood ya fito da Kenwood Chef a 1950. Namu na gida Faransa, Moulinex, ya durƙushe a 2001, rukunin SEB ya karɓe shi, kuma hedkwatar SEB tana Écully, nan gefen Lyon. Mutanen Guillotière sai ku yi ta fahari.

Matsalar ita ce duk waɗannan injuna an ƙera su ne da gato da burodin Turawa a rai. Don haka na zauna na jera abincinmu ɗaya bayan ɗaya, na tambayi kaina wanne ne injin zai taimaka.

Cincin da dubulan: a nan ne yake da rana. Kwaɓi ne mai tauri, shi ke cin hannu. Amma ku sani, injin gida mai kwanon lita 4 zuwa 5 ba ya son a wuce wajen kilo 1 na fulawa a zubi ɗaya in kwaɓin mai tauri ne. Kenan kilo 10 na Mama zubi goma ne, kuma dole a riƙa barin injin ya huta. Murzawa da yankawa da naɗin dubulan da suya kuwa, suna nan suna jiranki, babu injin da zai ɗauke miki.

Funkaso da fanke da gurasa: nan ma ya yi. Duk wadda ta taɓa bugun funkaso har ya yi danƙo ta san yadda kafaɗa ke yi washegari. Ƙugiyar tana yin wannan aiki cikin minti kaɗan, ke kina tsaye kina kallo.

Ƙosai: injin ba ya markaɗa wake. Sai kin markaɗa da na'urar markaɗe, sannan maburgin wayar ya buga miki ƙullin ya yi haske. Amma wannan ko ɗan ƙaramin na hannu na Yuro 20 ko 30 zai yi.

Masa: ku manta. Shinkafa ce, jiƙo da markaɗe da tashi da tanda. Injin ba shi da ta cewa.

Burodi kuma fa? Wallahi in don burodi ne, ajiye kuɗinki. Muna zaune a garin da bagat ɗaya ba ta kai Yuro 2 ba, a kowace kwana da gidan burodi. A nan gundumarmu ta 18 ne Djibril Bodian, haifaffen Senegal, ya ci gasar bagat mafi kyau ta Paris har sau biyu, 2010 da 2015, a Rue des Abbesses. Kina da irin waɗannan a tafiyar minti ashirin, me zai sa ki yi ta fama da yis da tanderun gidan haya?

Sai maganar kuɗi. Akwai na ƙasa da Yuro 100 a manyan kantuna masu araha, akwai na tsakiya, akwai kuma manya masu haura Yuro 400 har su doshi 600. Wata ƙawata ta sayi mai arahar nan, ba zan faɗi suna ba, ta zuba masa kwaɓin cincin kilo 2 a daren Sallah. Ya yi ƙara, ya yi rawa a kan tebur, ya yi ƙaurin roba, shi ke nan. Araha ba ta ado, amma gaskiya ita ma ta zalunce shi. Abin da na koya shi ne kar lambar wat da aka rubuta da manyan baƙi a kwali ta ruɗe ki. Wannan lamba wutar da injin ke ja take nunawa, ba ƙarfin da ke isa ga ƙugiyar ba. KitchenAid ɗin da kowa ke sha'awa wat 300 ne kawai. Ki duba nauyinsa, ki duba ko jikinsa ƙarfe ne, ki duba ko ana samun kayan gyaransa. Kuma kwaɓi mai tauri a hankali ake juya shi, a lamba ta ƙasa, ba a sakar masa gudu.

Akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa: wuri. Madafinmu in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita kafin a buɗe firij. Babban injin ya fi kilo 10, ba abin da za ki riƙa saukewa daga saman kabad kullum ba ne. In ba shi da mazauni a kan tebur, to ba za ki yi amfani da shi ba. 'Yar Tantina da ke Lyon, wajen Place Gabriel-Péri, ta samu ja mai kyau a kayan aurenta. Na kira ta na ce, "Yaya, sau nawa kika kunna shi bana?" Ta yi dariya ta ce sau biyu, kuma yanzu albasa take ajiyewa a kwanon. Na so in aro, amma wa zai ɗauko kilo 11 a TGV, tafiyar awa biyu, ya kuma mayar?

Saboda haka ga ma'aunina, daidai ruwa daidai tsaki. In kina kwaɓi mai tauri aƙalla sau ɗaya a sati, ko kina karɓar aikin suna da biki, ko akwai mai ciwon hannu a gidan, saya. In Sallah biyu ce kawai a shekara da gato na zagayowar ranar haihuwa, ƙaramin na hannu ya ishe ki. Masu niyyar sayarwa kuma ku tuna nan ba gida ba ne: sayar da abinci yana buƙatar rajistar sana'a da bin dokar tsabta, kar ki ci bashin inji kafin ki san wannan.

In kin yanke shawarar saya, kar ki yi gaggawa. Ki jira lokacin rangwame na Janairu ko na ƙarshen Yuni. Sabon kaya daga kanti yana da garanti na shekara 2 bisa doka, in kuma ta intanet kika saya daga ɗan kasuwa kina da kwana 14 ki mayar in kin fasa. Na hannu a Leboncoin ya fi sauƙi sosai, don irin su Yayata ta Lyon suna da yawa, amma in daga hannun mutum kika saya wannan garanti babu shi. Ki je da ƙafarki, ki sa a kunna a gabanki, ki saurari ƙararsa, ki girgiza kan ki ji ko yana lilo.

Ni dai ga yadda tawa ta ƙare. Mu uku a benenmu, ni da 'yar gidan 'yan Mali da wata 'yar Zinder a hawa na uku, muka yi karo-karo kamar adashin iyayenmu, muka sayi na hannu mai jikin ƙarfe. Yana zaune a gidan mai babban tebur, kowa da ranarta, in ya lalace gyara na kowa ne. Na san wata za ta ce tarayya ba ta ƙarko. To, mu dai har yanzu ba mu yi faɗa ba, sai dai kan wadda ta bar ƙugiya ba wanki.

Ranar da na hau da shi gidanmu, Mama ko kallo bai ishe ta ba. Na zuba fulawa kilo 1 da bota da sukari da ƙwai, na kunna. Da ya gama sai ta taso, ta wanke hannu, ta tsunguli kwaɓin da yatsa biyu ta ja. Ta ce, "Ruwa ya yi kaɗan. Ƙara cokali biyu." Na ƙara, na sake kunnawa. Ta sake taɓawa ta ce, "To, yanzu ya yi. Kawo na gaba." Ita ke faɗin awo, ita ke cewa ya isa, ni da injin mu ne 'yan aiki. Daren nan ba ta nemi man zafi ba. Sai dai har yau in baƙi suka yaba cincin, cewa take ita ta yi, kuma ban taɓa musa mata ba.

Wadda ke da dabarar kwaɓa alkaki da wannan inji ta taimaka mana, don ni nawa ya watse a mai. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. A gaida su Mama.